Muryar da Ta Ɓuya Cikin Waya

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomin bayyana sautin da ya lalace. Murya takan dishe, takan shaƙe, takan yi rawa. Abu yakan yi ƙugi, ko tsuwwa, ko ƙaraurawa, magana kuma takan riƙa kakkatsewa. Amma duk da wannan wadata, yawancin masu mota idan suka je wurin mai gyara abu ɗaya suke faɗa: «Rediyon ya lalace.» Gwanin mai gyara ba ya ɗaukar sukundireba a kan wannan magana. Sai ya tsare mutum da tambaya har ya sa shi ya kira sautin da sunansa, domin kowane suna yana nuni ne ga wani wuri dabam a jikin motar. Tsuwwa tana da gidanta, shaƙewa tana da nata, kuma wanda ya haɗa su a baki ɗaya zai kashe kuɗinsa a inda babu ciwo.

Asalin matsalar bambancin shekaru ne. Motocin haya da ke bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso, Kwanni da Maraɗi zuwa Damagaram, mafi yawansu sun gama rayuwa ɗaya a Turai kafin su sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano su soma ta biyu. Rediyoyin da ke cikinsu an ƙera su ne a zamanin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Abin da fasinja da direba ke riƙe da shi a aljihu kuwa jikan Walkman ne, wanda Sony ya fitar a 1979, sai dai shi ba ya cin kaset: ƴar na'urar MP3 ce mai katin memori, ko kuwa wayar salula. Hanyoyi uku aka samu na ɗaura auren tsohon da yarinyar. Akwai waya mai kai biyu, idan rediyon yana da ramin karɓarta. Akwai kaset mai wutsiya, wanda ba shi da zare a ciki, sai wani ɗan kai da ke fuskantar kan rikodar ya miƙa masa sauti ta hanyar maganaɗisu. Akwai kuma ƴar na'urar da ake cusawa a ramin kunna taba, ta mai da kanta ƙaramar tashar FM. Kowace hanya da irin nata rikici.

Wani dattijon direba da ya shafe shekaru sama da 30 yana zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Damagaram ya gamu da kusan dukkansu a cikin mako guda, kuma ba a kan waƙa ba. Mahaifinsa ya yi zaman ci-rani mai tsawo a zangon Kumasi, a lokacin da mutumin da bai iya rubutu ba yakan zauna gaban rikoda ya yi wa iyalinsa magana, ya ba wani mai komawa gida kaset ɗin ya kai. Irin waɗannan wasiƙun kaset da yawa sun zo, an saurara, an sake ɗaukar waƙa a kansu. Guda ɗaya ya tsira, shi ne wanda tsohon ya aiko shekarar da ta gabaci rasuwarsa, yana gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya, yana ba da sallahu a kan gona da auren ƙanwar direban. Direban ya adana shi a cikin akwatin ƙarfe tare da takardun mota, ba ya sa shi sai jefi-jefi, don ya ga yadda rikoda ke tauna zare.

Ƴarsa, wadda ke karatun Hausa a jami'a, ita ce ta matsa a juye kaset ɗin kafin zafi da ƙura su gama da shi. Ta kai shi wani shagon masu tura waƙoƙi, aka juye mata a katin memori, ta sa a ƴar na'urarta, ta aro wayar wata ƙawarta ta haɗa da rediyon motar mahaifinta. Abin da ya fito ya sa jikin dattijon ya yi sanyi. Muryar tana nan kamar ba ta nan, siririya, mai nisa, kamar ta mutumin da ke magana daga ƙarƙashin rijiya gaba dubu. Suka ƙure maɓallin murya, sai shuu ya ƙaru, maganar ba ta matso ba. Abin mamaki, da suka sa wata waƙar zamani, kiɗan ya fito, mawaƙin ne kawai ya yi ɓatan dabo. Direban bai ce komai ba a ranar, amma a ransa ya yanke cewa masu shagon sun goge masa muryar uba.

A tasha kowa likita ne. Wani ya ce lasifikokin ƙofa ne suka yage, wani ya ce rediyon ne ya tsufa a sayi sabo mai Bluetooth, wani kuma ya rantse cewa katin memorin jabu ne. Da dattijon ya bi shawarar biyun farko, da ya zubar da cinikin kwanaki da yawa, kuma da muryar tana nan inda take. Yaron motarsa ne ya ja shi zuwa rumfar wani matashi mai gyaran rediyo a bayan tasha.

Matashin bai taɓa motar ba tukuna. Ya karɓi na'urar, ya zare wayar, ya sa abin sauraro na kunne, ya miƙa wa dattijon.

«Baba, ku saurara da wannan.»

Muryar ta fito gar da gar, tana sallama. Dattijon ya daɗe bai cire abin daga kunnensa ba, matashin kuma bai hanzarta shi ba.

«To, ɗana, ina ta shiga a cikin motar?»

«Ba ta kai ga motar ba, Baba. A hanya ta tsaya.»

Wannan gwaji na minti guda shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Sauti yana tafiya ne zango-zango: daga abin da aka ɗauka, zuwa na'urar da ke karanta shi, zuwa waya, zuwa rediyo, zuwa lasifika. Mai neman inda ya lalace sai ya riƙa cire zango ɗaya yana saurare. Idan tashar rediyo tana fita lafiya a motar, lasifika ba ta da laifi. Idan na'urar tana fita lafiya a kunne, ita ma an wanke ta. Abin da ya rage a tsakani shi ne abin tuhuma.

Matashin ya ɗaga kan wayar ya nuna musu zobban baƙin roba da ke jikin ƙarfen. Wannan kai, mai kaurin milimita 3.5, iri biyu ne aka fi gani. Mai zobe biyu yana da gaɓa uku: ta sautin hagu, ta sautin dama, da ta ukun da dukkansu biyu ke komawa ta cikinta, wadda masu gyara a Nijar ke kira mas. Mai zobe uku yana da gaɓa huɗu, an ƙara ta makirufo saboda wayar salula. Su ma masu gaɓa huɗun ba su zama ɗaya ba, domin tsofaffin wayoyi irin na Nokia da sababbin da suka biyo baya sun saɓa a kan wurin da mas take da wurin da makirufo yake. Wayar da yarinyar ta aro mai zobe uku ce, ramin rediyon kuwa na mai zobe biyu ne, ga kuma ƙurar hunturu da ta taru a ciki ta hana kan shiga har ƙarshe. Mas ba ta haɗu ba.

Abin da ke faruwa idan mas ta yanke yana da ban sha'awa ƙwarai. Sauti ba ya ɗaukewa gaba ɗaya. Abin da ke isa rediyo shi ne bambancin da ke tsakanin hagu da dama, duk abin da suka yi tarayya a kansa kuwa sai ya cinye kansa. A waƙar zamani akan raba kayan kiɗa, wasu su karkata hagu wasu dama, a ajiye mawaƙi a tsakiya daidai wa daida. Shi ya sa kiɗa ya tsira mawaƙi ya ɓace. Wasiƙar tsohon kuwa an ɗauke ta ne da rikoda mai makirufo ɗaya, hagunta da damanta abu guda ne, saboda haka kusan babu abin da ya rage sai ɗan burbushi. Haka zai faru da yawancin tsofaffin faya-fayen Mamman Shata, ko Narambaɗa, ko Ɗan Anace, da karatun tafsirin da aka ɗauka a masallaci. Mutum zai iya zargin kaset, ya zargi tsufa, alhali laifin yana a wurin da bai kai faɗin ƙwayar gero biyu ba. Matashin ya share ramin da tsinke mai ɗan auduga, ya kawo waya mai zobe biyu, ya tura ta har ta ce ƙyas. Murya ta cika motar.

Sai dai ta cika ta da shaƙewa. Duk inda tsohon ya ɗaga murya, maganar sai ta farfashe, kamar ana yaga takarda a bayanta. A nan ne yarinyar ta ga hannunta a ciki: tun ranar farko ta ƙure muryar na'urar, ta kuma kunna abin ƙara nauyin kiɗa. Kowane zango a tafiyar sauti yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kamar tiya a hannun mai awo. Idan aka zuba hatsi ya yi tozo, aka kuma shafe tozon da tafin hannu, abin da ya zube ba ya dawowa. Igiyar sauti tana hawa tana sauka a lanƙwashe. Idan ta fi ƙarfin zangon da za ta shiga, sai a sare mata ƙololuwa ta koma mai kusurwa, kuma waɗannan kusurwoyin su ne kunne ke ji a matsayin tsagewa. Ramin abin sauraron kunne yakan iya fitar da kimanin bolt 1, alhali ma'aunin da aka saba haɗa kayan sauti na gida da shi bai wuce kashi ɗaya cikin uku na bolt ba. Wasu rediyoyin suna jurewa, wasu ba sa jurewa, kaset mai wutsiya da ƴar tashar FM kuwa sun fi kowa saurin ƙoshi. Ita kanta na'urar, idan aka ƙure ta aka kuma ɗora mata ƙarin nauyi, takan sare sautin tun kafin ya bar jikinta.

Maganin ba ya cin ko dala. A kashe duk wani ƙarin nauyi da ƙarin zaƙi da ke cikin na'urar, a sauke muryarta zuwa wajen kashi biyu cikin uku ko uku cikin huɗu, sannan a nemi ƙarfi daga maɓallin motar. Idan aka sauke ta da yawa kuma, sai rediyon ya riƙa ƙara shuu ɗin kansa tare da maganar, don haka akwai tsakiyar da kunne ne kawai ke gano ta. Matashin ya nuna musu dabarar da yake bi: ya kama wata tasha, ya daidaita muryar motar inda ta yi daɗin ji, sannan ya koma kan na'urar ya riƙa ɗaga ta a hankali har ƙarfinta ya yi kusa da na tashar, ya tsaya a nan.

Shi ma maɓallin motar yana da tasa tiyar. Rubutun wat 50 sau huɗu da ake gani a goshin rediyoyi da yawa magana ce ta kasuwa. Abin da suke iya bayarwa a tsaftace kuma a ɗore bai cika wuce wat 20 ga kowace lasifika ba. Bayan wannan iyaka babu ƙarin ƙarfi na kirki, sai tsagewa da zafi, kuma wannan sautin mai kusurwa yana cikin abubuwan da ke ƙona ƙananan lasifikoki. Abin takaici, kunnuwa da yawa sun riga sun saba. A wurin biki, a motar talla, har a wasu masallatai, an ɗauka sauti bai kai ba sai ya tsage. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano ya kuma wallafa littafinsa Signal and Noise a 2008, ya lura da yadda juye kaset daga kaset ya sa dusashen hoto da gurɓataccen sauti suka zama yanayin da jama'a suka san finafinai da waƙoƙi a cikinsa. Lurar daidai ce, amma sabo da abu bai mai da shi dole ba. Sau da yawa tsakanin sautin da ke ciwon kai da wanda ke shiga zuciya, juyin maɓalli ne na rabin yatsa.

Da dattijon ya tada mota zai tafi, sai ga baƙo na uku: tsuwwa siririya, wadda ke hawa idan ya taka totur, ta sauka idan ya saki. Matashin ya miƙa hannu ya zare cajar da yarinyar ta cusa a ramin kunna taba, tsuwwar ta ɗauke nan take. Na'urar da ke shan caji tana kuma haɗe da rediyo ta sami hanyoyi biyu zuwa ƙarfen jikin mota, ɗaya ta caja ɗaya ta wayar sauti, kuma ɗan bambancin wutar da ke tsakanin hanyoyin biyu yakan sa hayaniyar altaneta ta bi wayar sauti ta shiga. Shi ya sa tsuwwar ke bin numfashin inji. Ko dai a cika batir tun a gida, ko a sa wata ƴar na'ura mai ƙananan taransifoma biyu a tsakiyar wayar, wadda ke barin sauti ya wuce ta kuma raba hanyoyin. Caja mai arha ita ma takan kawo tata ƙarar. Game da ƴar tashar FM, shawararsa gajeriya ce: a nema mata gurbin da babu kowa tsakanin megahaz 87.5 da 108, a kuma san cewa gurbin da yake fili a Cadawa ko Gazawa yana iya zama gidan wani idan an doshi Tasawa ko Damagaram.

Ga ɗalibin harshe, abin lura shi ne lalacewar sauti ba ta cin sassan magana daidai wa daida. Karin sauti, wato hawa da saukar murya, yana zaune ne a ƙasa-ƙasa, kuma yana da taurin rai. Ko a rediyon da ya shaƙe ana jin sa, kamar yadda ake gane maganar kalangu ba tare da baƙi ko ɗaya ba. Tsawon wasali ma yakan tsira, tun da lokaci ne ba kaifi ba. Waɗanda ke fara faɗuwa su ne baƙaƙen da rayuwarsu ta dogara ga siririn sauti na sama da ɗan fashewa na ƙiftawar ido: bambancin s da ts, na s da sh, na k da ƙ. Tsohon kaset yakan rasa sautin sama tun da farko, matse sauti a MP3 mai ƙaramin awo yakan dame farkon baƙi, tsagewa kuma ta zo ta rufe sauran da hayaniya.

Yarinyar ta ci karo da wannan a zahiri. Tana rubuta maganar kakanta kalma bayan kalma, sai ta iso inda yake zancen itatuwan gawo da ke gonar gado. Ko dai ya ce a tsare su, ko ya ce a sare su. Karin sautin kalmomin biyu iri ɗaya ne, baƙin farko kuwa ya narke cikin tsagewa, ga shi ma'anonin biyu sun ba wa juna baya. Abin da ya fisshe ta darasin aji ɗaya ne: wasalin farko na «sare» dogo ne, na «tsare» gajere. Ta maimaita wurin sau da yawa tana auna shi da sauran kalmomin tsohon, ta tabbata gajere ne. Rubutun yau da kullum ba ya nuna wannan tsawo, shi ya sa ɗalibai da yawa ke ɗaukarsa wahalar jarrabawa kawai. Mahaifinta ya ce ai ba sai an auna ba, tsohon bai taɓa yarda a sa wa gawo gatari ba, don shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. Duk da haka ya so ya ji kalmar da kunnensa.

A nan ne matashin ya faɗa musu iyakar abin da zai iya. Waya ta gyaru, murya ta daidaita, tsuwwa ta tafi, amma akwai sauran tsagewa da ake ji ko a abin sauraron kunne, a wurare ɗaya kullum, ko an rage murya ko an ƙara. Wannan alama ce cewa a wurin juyewa aka sare sautin: mai shagon ya ƙure rikodarsa lokacin da yake turawa cikin kwamfuta. Abin da aka sare a nan ba ya cikin katin, babu maɓallin da zai dawo da shi.

«Kaset ɗin yana nan, Baba?»

Yana nan. Yarinyar ta so ta bar shi a shagon tun da an gama da shi, uban ne ya ce a dawo masa da abinsa.

Suka sake juyewa a rumfar, da wata tsohuwar rikoda da matashin ya amince da ita. Ya goge kanta da robar da ke jan zare da auduga mai ɗan sifirit, ya bari suka bushe. Ya duba ɗan soson da ke tallafe da zaren a bakin kaset ya ga bai ɓalle ba. Ya zagaya zaren gaba da baya sau ɗaya don ya saki jiki. Da ƙaramin sukundireba ya riƙa murɗa noti ɗin da ke karkata kan rikodar, kunnensa a kan sautin, har s ɗin tsohon ta fito da kaifinta, domin zaren da faɗinsa bai kai milimita 4 ba, karkacewar da ido ba ya gani ta isa ta dushe shi. Sannan ya nemo wurin da muryar ta fi ƙarfi a duk kaset ɗin, ya daidaita awon kwamfuta yadda ko a nan ba za ta taɓa ja ba. Ya adana kwafi ɗaya ba tare da matsewa ba, wanda ke cin kimanin megabayit 10 a kowane minti, ya fitar da na MP3 daga jikinsa don mota, ya ce babban a ajiye shi wuri biyu, kaset ɗin kuma a raba shi da rana da lasifika.

A sabon juyin «tsare» ta fito da ts ɗinta. Wasu abubuwan ma sun fito waɗanda dattijon bai taɓa ji ba a shekarun da ya yi yana sa kaset ɗin a rikodar mota: tarin da tsohon ke ƙoƙarin dannewa tsakanin gaisuwa da gaisuwa, zakara a nesa, da wata mace a tsakar gida tana kiran yaro da Tonanci. Wajen ƙarshen fuska ta biyu kuma akwai wani mutum kusa da makirufo da ke cewa a hankali zaren ya kusa ƙarewa, tsohon ya amsa masa cewa saura mutum biyu bai gaisar ba.